Tattarawa Daban, Kwasa Daban

Kalmar "tattara" ta zama jakar magori a bakin 'yan jarida da masu fassara. Hukumar zaɓe tana tattara sakamako. Kamfanin intanet yana tattara bayanan mutane. Gidan tarihi na Turai ya tattara kayan Afirka. Wani kuma a Facebook ya kwafo rubutun wani tun daga bisimilla har tammat, ya sa sunansa a ƙasa wai shi ya tattara. A cikin waɗannan ayyuka akwai na halal, akwai na haram, akwai masu shubuha, amma duk suna ɗaya aka raɗa musu. Ni ban ɗauki wannan ƙaramar ɓarna ba, domin kalmar ba fanko ba ce. In ka ce mutum ya tattara abu, ka riga ka yi masa shaida: abin a warwatse yake, ya bi shi wuri-wuri da izini ya haɗo kansa, kuma bai ƙara ba bai rage ba. Shaida ce mai tsada, mu kuwa muna bayar da ita ga duk wanda ya miƙo hannu.

Tushen kalmar shi ne "tara". Ba tara mai bin takwas ba, ba kuma tarar da alƙali ke cin mai laifi ba. Rubutun boko ne ya cusa su uku cikin haruffa huɗu iri ɗaya, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, amma kunnen Bahaushe bai taɓa rikita su ba. Wadda nake nufi ita ce ta tara kuɗi, tara ruwa, tara jama'a, kuma zuri'arta tana da yawa. Mutane sun taru, abin da suka yi taro ne, in bai haifar da komai ba a ce taron tsintsiya ba shara. Abin da aka jibge wuri guda tari ne. Idan mutane suka yi tarayya a kan abu kowa yana da rabo a ciki, kuma an gina kalmar ne kamar yadda aka gina soyayya daga so, jayayya daga ja. Da ita muke kiran Tarayyar Najeriya da Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai. Ko a ajin lissafi, abin da yaro ke fara koya kafin ɗebewa shi ne tarawa.

"Tattara" kuwa ninkin "tara" ce. Hausa tana da wannan dabara ta maimaita gaɓar farko ta aikatau don a nuna aiki ya auku sau da yawa, ko a wurare da yawa, ko a kan abubuwa da yawa: kama da kakkama, buga da bubbuga, yanka da yayyanka. Sai dai a nan ninkin bai tsaya ga ƙara yawa ba, har inda ido ke kallo ya sauya. Mai cewa "ya tara" idonsa yana kan tarin, girmansa da mai shi. Mai cewa "ya tattara" idonsa yana kan hanya, nan ɗaya can biyu, da ɗawainiyar da aka sha kafin a haɗo su. Shi ya sa ake cewa attajiri ya tara dukiya. In ka ji an ce ana tattara dukiyarsa, to ko dai ƙaura zai yi, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya magada suna bin kadarorinsa gari-gari. Malami yana ce wa ɗalibi ya tattara hankalinsa domin hankalin ya rabu, rabi a aji rabi a waje. Wanda aka kora daga aiki ya tattara nasa ya nasa ya kama gabansa. A lura da wannan ta ƙarshe: nasa ya nasa. In ɓarawo ne ya shiga gida, kalmar da ke fara zuwa bakin mai gidan ita ce an kwashe, ko an yashe shi.

Ita "tara" ba ta yi wa kowa alkawari. A Suratul Humaza an yi tir da wanda ya tara dukiya yana ta ƙididdige ta, yana zaton za ta dawwamar da shi. A ƙissar Annabi Yusuf kuma, tara amfanin shekaru bakwai na yalwa ne ya ceci Masar a shekaru bakwai na tsanani. Saboda haka in aka ce wani ya tara, mai sauraro yakan jira ƙarin bayani. In aka ce ya tattara, yawanci ba ya jira, ya riga ya ba shi uzuri.

Kuma ba talaucin kalmomi ne ya kai mu ga haka ba. A wannan fage Hausa attajira ce, kowace kalma tana ba ka labarin hannun da ya yi aikin. Kwasa hannu bibbiyu ce, da gaggawa, ba zaɓe ba tambaya. Kwashe ta fi ta, don ba ta barin komai. Ɗiba tana barin saura. Tsinta tana nuna abin ya faɗi ba mai shi a kusa, tsince kuwa ɗaya-ɗaya ake yi da lura. Karɓa ba ta yiwuwa sai da mai bayarwa, ƙwace ba ta yiwuwa sai da wanda ya ƙi bayarwa. Tatsa ana yin ta a hankali, a kai a kai, har wanda ake tatsar ya saba. Ga wawura, ga tarkata, ga jibga, ga harhaɗa wadda ke nufin an daidaita sassa sun zama abu ɗaya. Wanda ya bar duk waɗannan ya riƙe "tattara" ita kaɗai, ɓoye wa mai karatu abin da ya faru ya yi, ko da niyyarsa sauƙaƙawa ce.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda aka tattara Alƙur'ani ya san iya nauyin da kalmar ke ɗauka. Bayan yaƙin Yamama, a zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, mahaddata da yawa sun yi shahada. Sayyidina Umar ya ji tsoron kada wani abu ya tafi tare da su, ya dage sai an tattara. Aka ɗora aikin a kan Zaidu bin Sabit, saurayi a lokacin, ɗaya daga cikin marubutan wahayi. An ruwaito daga gare shi cewa da kawar da wani babban dutse daga mazauninsa aka umarce shi, da bai fi masa wannan nauyi ba. Mutum zai yi mamaki, tunda shi kansa mahaddaci ne. Da tari kawai ake so, ai da ya zauna ya rubuta daga kansa. Bai yi haka ba. Ya bi abin da aka rubuta a jikin rassan dabino da fararen duwatsu masu faɗi, ya bi abin da ke ƙirjin mutane, har ayoyin ƙarshe na Suratut Tauba bai same su ba sai a wurin Abu Khuzaima Ba'ansare. Takardun suka zauna hannun Abubakar, daga nan Umar, daga nan Nana Hafsa, kuma daga wurinta Sayyidina Usman ya aro su lokacin da ya sa aka kwafi mus'hafan da aka aika manyan birane.

A duk tsawon wannan tarihi ba wanda ya ce Zaidu ya wallafa, ba wanda ya ce ya mallaka. Ya bi, ya tabbatar, ya miƙa. Nauyin da ya ji shi ne na riƙe abin da ba nasa ba. Ba cewa nake duk mai haɗa takardun ofis sai ya zama Zaidu ba. Amma kalmar da ta iya ɗaukar wannan aiki tana da martabar da bai kamata a riƙa ara wa kowa ba.

Inda abin ya fi shafar rayuwar mutane kai tsaye shi ne zaɓe. A babban zaɓen Najeriya na 2023 hukumar zaɓe tana da rumfuna 176,846, a mazaɓu 8,809, a ƙananan hukumomi 774. A rumfa ake jefa ƙuri'a, a rumfa ake ƙirgawa da babbar murya gaban jama'a, a rubuta a takardar da ake kira EC8A, jami'in rumfa ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa. Daga wannan lokaci zaɓe ya ƙare. Duk abin da ya biyo baya, daga rumfa zuwa mazaɓa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa Abuja, tattarawa ce zalla. Farfesan da aka ɗauko daga jami'a ya zauna a kujerar baturen zaɓe, aikin da ke gabansa tarawa ce irin ta ɗan firamare, ba ta buƙatar zurfin ilimi. An ɗauko shi ne don ana fata zai ji kunyar sauya abin da aka miƙo masa.

To amma kowa ya san a kan wannan hanya ake yin kuka. Ba banza ba talakawa suka riƙe taken nan na "a kasa, a tsare, a raka". Ba a yin rakiya ga kayan da aka amince da mai ɗauke da su. Shafin IReV da aka shigo da shi, inda ake ɗora hoton takardar kowace rumfa a intanet, ƙoƙari ne na rage abin da mai tattarawa zai iya yi a ɓoye, kuma babban ƙorafin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu shi ne hotunan ba su hau a kan lokaci ba. A Adamawa, a watan Afrilun shekarar, kwamishinan zaɓe na jihar ya tashi ya sanar da wadda ya ce ta ci kujerar gwamna alhali ba a gama tattarawa ba, kuma ba shi ne baturen zaɓen ba. Hedikwatar hukumar ta soke sanarwar, aka koma aka ƙarasa lissafi, sakamakon ya fito akasin abin da ya faɗa. Can Malawi kuwa, a watan Fabrairun 2020, kotu ta rushe zaɓen Mayun 2019 bayan an gabatar mata da takardun sakamako da aka shafe alƙalumansu da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex aka rubuta wasu a kai. Da aka sake zaɓen a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya kayar da Peter Mutharika.

Yayin da ake cikin aikin, daidai ne a ce ana tattara sakamako. Amma ranar da aka ga 35 ta koma 350, in mai ba da labari ya ce "an samu tangarɗa wajen tattara sakamako", ya yi wa mai laifi sutura. Tangarɗa ita ce mota ta lalace a hanya ko wuta ta ɗauke. Wanda ya ƙara sifiri ya daina tattarawa tun lokacin da alƙalaminsa ya taɓa takarda. Abin da ya yi yana da suna, aringizo, kuma ko yaron da ke tsaye bakin rumfa ya san sunan.

A maganar kayan tarihi suturar ta fi tsufa. A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka afka wa birnin Benin da ke jihar Edo ta Najeriya a yau, wuta ta cinye shi, daga baya aka tasa ƙeyar Oba Ovonramwen zuwa Kalaba. Dubban kayan tagulla da na hauren giwa aka fitar daga fada, aka sayar da su a Turai, suka bazu gidajen tarihi da hannun attajirai. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan shi kaɗai yana riƙe da kimanin 900. Shekaru biyar kafin haka, a 1892, sojojin Faransa sun yi irin wannan a fadar Abomey ta daular Dahomey. In aka rubuta da Hausa cewa waɗannan gidaje sun "tattara" kayan Afirka, mai karatu zai hango wani dattijo da littafinsa yana bin garuruwa yana ciniki. Abin da ya faru kuwa ganima ce aka kwasa da bakin bindiga. Faransa ta mayar da kaya 26 zuwa Jamhuriyar Benin, ƙasar da Abomey take ciki a yau, a Nuwamban 2021, Jamus kuma ta sa hannu a Yulin 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar fiye da 1,000. Wannan cakuɗa ma tana cutar masu gaskiya, domin a cikin gidajen nan akwai kayan da aka saya da yardar masu su, akwai waɗanda masana suka haƙo da izini suka rubuta inda suka samo kowanne. In muka ba su suna ɗaya da soja mai buhu, mun rage musu, shi kuma mun ƙara masa.

Sabon mai cin moriyar kalmar shi ne kamfanin da ke cikin wayarka. Sau da yawa in ka buɗe manhajar da aka fassara zuwa Hausa za ka ci karo da jumla irin ta "muna tattara bayananka domin inganta ayyukanmu". Jumla ce mai sanyi. Amma duba abin da ya fito fili a 2018 game da Cambridge Analytica, wani kamfanin Birtaniya mai amfani da bayanan mutane wajen yaƙin neman zaɓe. Mutane kimanin 270,000 ne suka buɗe wata manhajar tambayoyi a Facebook suka yarda a ɗauki bayanansu. Ta hanyarsu aka jawo bayanan abokansu, waɗanda ba a tambaye su ba, har adadin ya kai mutum miliyan 87 bisa ƙiyasin Facebook da kansa. A kan mutanen farko kana iya cewa an karɓa, ko da yake ce musu aka yi na binciken ilimi ne. A kan sauran miliyoyin ba kalmar da ta dace sai kwasa. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Game da abin da ke faruwa kullum kuwa, inda ake ɗaukar wurin da kake da lokacin da ka farka da abin da ka tsaya kallo, kaɗan-kaɗan ba tare da ka ji zafi ba, ni a wurina tatsa ce. Ban sa ran wani kamfani zai rubuta "muna tatsar bayananka" a shafinsa ba. Amma ɗan jarida ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ba dole ba ne ya ari bakinsu.

Mu ma a junanmu muna yi. Rubutu zai yi ta yawo a WhatsApp, a ƙasansa an sa "Tattarawa: wane". In ka bi diddigi sai ka tarar maƙala ɗaya ce ta mutum ɗaya, sunansa kawai aka cire. Nahawun kalmar ma ya ƙaryata wannan: abu ɗaya ba a tattara shi. Sai ka bi wurare da yawa, ka zaɓa, ka jera, ka faɗi inda ka samo kowanne. Wannan aiki ne na gaske, kuma yana da lada. Wanda ya bi littattafai goma ya fito wa mutane da abin da malamai suka ce a kan mas'ala ɗaya ya hutar da dubbai. Sharaɗinsa dai sunayen masu kaya su taho tare da kayansu. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyi da labaran Hausa a mujalladi uku, yawancinsu malamai ne suka rubuta da ajami shi ya juya su boko. Ba don wannan aiki ba da mun yi asarar abu mai yawa, kuma ba zan hana shi sunan mai tattarawa ba. Sai dai sunansa ne a bango, tsofaffin da suka ba da tatsuniyoyin kuwa sun ɓace a hanya. Abin da muke ganin laifin Bature a kansa bayan shekaru ɗari, mu da ɗan yatsa muke yi wa juna a minti guda.

Ta yaya muka iso nan? Yawancin labaran da ake karantawa da Hausa fassara ce daga Turanci ko Faransanci, ana yin ta cikin gaggawa lokacin shiri na ƙaratowa. A Turanci akwai aikatau guda, "collect", da ke aiki a kan haraji da shara da bayanai da kayan tarihi har da kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Mai fassara ya samo masa madadi ɗaya a Hausa ya riƙe, na bayansa ya gada, yanzu kuma na'urorin fassara sun haddace suna maimaitawa dare da rana. Magabata a wannan sana'a ba haka suka yi ba. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 zuwa sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, an yi mutanen da ke tsayawa su tambayi kansu me abin yake yi kafin su raɗa masa suna. Irin wannan tunani ne ya ba mu Majalisar Ɗinkin Duniya, sunan da ba kwafin kowane harshe ba ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce harshe ba ya tsayawa, ma'anar kalma ita ce abin da masu magana suke nufi da ita yau, kuma in jama'a sun faɗaɗa "tattara" ba mai mayar da ita. Akwai gaskiya a nan. Kalmar ma ba waliyyiya ba ce. Ana cewa matattarar ɓarayi, ana cewa 'yan sanda sun tattara su sun yi gaba da su, mai fushi yana cewa tattara ka ba ni wuri. Amma faɗaɗar da nake kuka da ita ba daga bakin jama'a ta fito ba. Wanda aka yi wa aringizo ba ya cewa an tattara. Daga sama take saukowa, daga sanarwar hukuma da takardar kamfani, wato daga waɗanda suke da riba in an kira aikinsu da suna mai tsabta. Sauyin da jama'a suka yi wa harshe dole a bi shi, amma wanda aka shirya a ofis ana iya ƙin karɓarsa.

Za a kuma ce ɗan jarida ba alƙali ba ne, ba zai ce an kwashe ko an ƙwace kafin kotu ta yanke hukunci ba, in ba haka ba ya wayi gari da sammaci. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Amma in tsaka-tsaki ake nema, "tattara" ba ita ba ce, domin ta riga ta karkata wajen wankewa. Akwai "ɗauka", akwai "fitar da", akwai "riƙe". A ce kamfani yana ɗaukar bayanai, a ce gidan tarihi yana riƙe da kayan. Ba a zargi kowa ba, ba a kuma wanke kowa ba. Inda hukunci ya riga ya fita kuwa, ko tarihi ya tabbata kamar na Benin, tsoron sammaci ya zama uzuri kawai.

Kada kuma a ɗauka "kwasa" zagi ce a ko'ina. A maganar shara ita ake nema. In hukumar tsabta ta ce ta tattara shara, ni dai tambayata ita ce yaushe za a kwashe, don tattararriyar shara tana nan bakin titi, ta ma fi wari.

Haraji ne ya fi rikitarwa, domin kalmomi uku duk suna da gurbi a cikinsa. Ma'aikaci yana karɓa daga hannun mai biya, ya ba shi rasit. Hukuma tana tattarawa daga ofisoshinta. Abin da ya taru a ƙarshen wata shi ne aka tara. In aka ce "an tara biliyan kaza", labari ya ƙare a kan tarin, sai tafi da jinjina. In aka ce "an tattara", da sauran magana, domin mai tattarawa yana da wanda zai miƙa wa. A Najeriya sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce kuɗin shigar tarayya su shiga asusu guda, wanda ake rabawa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a 2015 an tilasta wa ma'aikatu su bar bankunan kasuwanci su koma asusun bai ɗaya na Babban Banki, saboda ba duk abin da ake karɓa da sunan gwamnati ke isa ba. To duk hukumar da ta zaɓi ta ce ta tattara, ita da kanta ta ba ɗan jarida izinin tambayoyin da ke biye: daga wurin wa da wa, nawa aka karɓa a kowane wuri, nawa ya isa asusu, kuma ina rasit ɗin direban da aka tare a hanya da katako mai ƙusa aka karɓi nasa.